Sauya takardu daga wani tsari zuwa wani: abin da muka gani a Jos

Mai shagon buga takardu, Farin Gada:
Assalamu alaikum. Wani dattijo ya kawo mini littafinsa na Hausa da aka buga a Word shekaru da dama da suka wuce, yana so a mayar da shi EPUB, wato tsarin littafin lantarki, domin masu karatu a waya. Da na sauya shi, sai "ƙasa" ta koma "qasa", "ɗaya" ta koma "xaya", babukan kuma suka haɗe ba tare da jerin abubuwan da ke ciki ba. Abin ya dame ni, domin amana ya ba ni.

Mai gyaran littattafai, Bauchi Road:
Wa alaikumus salam, Malam. Na taɓa kwana biyu a kan irin wannan. Tsofaffin salon haruffan Hausa sun ɗora siffar ƙ, ɗ da ɓ ne a kan q, x da v, saboda haka ido yana ganin ƙugiya, amma abin da kwamfuta ta adana daban ne. Sai ka musanya su da haruffan ƙugiya na ainihi na Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya, kafin sauyawa, kana lura da baƙin kalmomi irin su TV, kada su lalace. Game da babuka kuwa, fayil ɗin docx, wato na Word, ƙunshi ne na XML (rubutu mai alamomin tsari) da aka matse, kuma Pandoc, manhajar sauya tsarin takardu da John MacFarlane ya fara fitarwa a 2006, tana gane kan babi ne idan an yi masa alamar kanu a cikin tsarin. Wanda aka kaurara haruffansa da hannu kawai, a wurinta sakin layi ne kamar kowane.

Sakatariyar ƙungiyar adashi, Unguwar Rogo:
Malamai, ni kuskurena a CSV ne, wato fayil ɗin jadawali da ake raba bayanansa da waƙafi. Na buɗe jerin mambobinmu kai tsaye, sai manhajar ta ɗauki lambobin waya a matsayin adadi ta zubar da sifilin farko, lamba mai alƙaluma 11 ta koma mai 10. Yanzu nakan shigo da fayil ɗin in ayyana layin lambobin wayar a matsayin rubutu, in adana da UTF-8, wato tsarin adana haruffan Unicode, domin sunaye masu ƙugiya su tsira.

Mai shagon, Farin Gada:
Na gode, Hajiya. Malam, na yi wa babi 14 alamar kanu ɗaya bayan ɗaya, jerin ya fito daidai, gobe dattijon zai zo ya duba a wayarsa.