Wane suna za mu raɗa wa wannan ciwon?

1/ Ma'aikatan lafiya da malaman Hausa, ku matso. Akwai ciwon da likitoci ke kira necrotizing fasciitis, sunan da wani likita mai suna Wilson ya ba shi a 1952. Muna neman sunan da za a faɗa wa majinyaciya da danginta su gane nan take.

2/ Ba kasafai yake kama nono ba, amma yana faruwa. Mace ta ji ƙullutu, aka soka allura aka gutsuro ɗan nama don a kai awo. Kusan kullum shi ke nan, wurin ya warke. Jefi-jefi ne ƙwayoyin cuta ke bi ta wannan kafa su shiga tantanin da ke ƙarƙashin fata da kitse. A sama ja kawai za a gani, amma azabar ta wuce abin da ido ya nuna. Sai zazzaɓi da kumburi, fata ta soma duhu, ta yi bororo, ruwa mai wari ya biyo. Cikin sa'o'i yake bazuwa, kuma masu ciwon suga sun fi shiga haɗari. Maganinsa tiyata ce ba jinkiri, a cire duk naman da ya mutu, a haɗa da magani ta jijiya. Wani lokaci nonon ne dungurungum.

3/ An kawo “cuta mai cin nama”, yadda jaridun Turai ke kiransa. Ban yarda ba. Mutanenmu sun daɗe da cewa daji ba ya son ƙarfe. Matar da aka soka wa allura don binciken sankara, ka ce mata wani abu na cin namanta, me dangi za su ce? “Ai mun faɗa, an taɓo daji.” Gobe ƙanwarta ba za ta yarda a duba ta ba. Alhali wannan ba sankara ba ne ko kusa.

4/ Gyambo? Shi wata da watanni yake yi. Maruru ma ya fi muni, don shi ake cewa a bari ya nuna, nan kuwa jiran kwana ɗaya na iya tafiya da rai.

5/ Nawa zaɓin: ruɓar tantani. Duk wadda ta taɓa gyara nama ta san farin tantanin nan da ake ɗayewa da wuƙa, kuma daga jin “ruɓa” babu mai cewa a bari sai gobe. In a nono ne, ruɓar tantanin nono. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in kuna da wata kalmar ta tantani, ku ajiye ta a ƙasa.