Aikin sa kai a gandun Baturiya: ta ina ake farawa?

Sani Kirikasamma:
Assalamu alaikum. An ce Baturiya ta Jihar Jigawa na cikin dazuka 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa, har da Falgore ta Kano. Na gama makaranta, ina zaune gida, ina son in taimaka ko ba albashi. Wa zan samu, kuma wane aiki ake ba wanda ba ma'aikaci ba?

Malam Idi Guri:
Wa alaikumus salam, Sani. Ka rubuta takarda zuwa ga jami'in da ke kula da gandun, ka haɗa da shaidar dagacinku, ka faɗi ranakun da kake da sarari. Kada ka shiga dajin da sunan taimako ba izini, mafarauci za a ɗauke ka. Sintiri da kama masu laifi kuwa cire shi daga ranka, na ma'aikata ne.

Inda ake neman hannu shi ne ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, lokacin da agwagi masu ƙaura daga Turai suke nan tare da namu na gida, irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. A isa bakin ruwa da asuba, rana tana bayanka, don idan tana gabanka duk tsuntsu baƙi ne. Mutum biyu: ɗaya da madubin hangen nesa (mai lambar 8x42 ya isa), ɗaya da littafi da fensir, domin biro na zuba idan takarda ta jiƙe. Garken da ya yi yawa ba a bin sa ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga 10 da kyau, ka riƙe girman wurin da suka cike a idonka, sai ka riƙa auna sauran da shi: 10, 20, 30. Idan dubbai ne, ka auna da 100.

Kuskure biyu ke ɓata lissafi. Sabon shiga yakan matsa kusa, garken ya tashi ya sauka gaba, wata tawaga ta sake ƙirga shi. Saboda haka a rubuta lokaci da inda suka nufa. Na biyu, hazo: idan ba ka tantance irin tsuntsun ba, rubuta "agwagi, ba a gane iri ba". Kada ka cika da zato.

Sani Kirikasamma:
Na gode, Malam. To bayan Janairu fa?

Yaya Rabi Hadeja:
Ƙanena, kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ita kaɗai ta ishe ka aikin shekara. Tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ruwa ya rage janyewa a wasu hanyoyin da rani, ita kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe magudanai, ta zama gidan tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa.

Yanka ta a saman ruwa wahalar banza ce, ƙonawa ma haka, saiwar na nan da ranta. A sa lauje a yanke ta kamar taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska. A koma bayan 'yan makonni a sake, sau biyu ko uku. Abin da aka yanka a janye shi tudu, in ba haka ba shi ma toshewa zai yi. Ka sa dogon takalmin roba saboda matsattsaku da tsargiya. Ka ga jini a fitsari, sai asibiti.

Malam Idi Guri:
Ƙari kaɗan: da kaka, kafin ciyawa ta gama bushewa, ana share hanyar tare gobara, faɗin taku 5 zuwa 6. Fartanya da manjagara za ka zo da su, da goran ruwanka.