Lira 500 mai jiragen ruwa: arziki ne ko tarkacen gwangwani?

Auta na Brescia: Salamu alaikum jama'a. Tsohuwar da nake yi wa aiki ta sa ni share ɗakin ajiyarta, muka ci karo da gwangwanin biskit maƙil da tsofaffin kuɗin lira, kuɗin Italiya kafin yuro. Ta ce in kwashe, ba ta da abin yi da su. A ciki akwai na azurfa guda bakwai, lira 500, masu jiragen ruwa uku a baya. Na ga bidiyo a Facebook ana cewa guda ɗaya kan kai dubban yuro. Ni a wurina maganar a fili take: kuɗin da aka daina bugawa, duk shekarar da ya ƙara tsufa ƙara tsada yake yi. Akwai mai ja?

Malam na Torino: Wa'alaikumus salam. Akwai mai ja, ƙanena, ga ni nan. Kafin ka kira dillalin fili a gida, ɗauki ɗaya ka dubi tutocin da ke kan jiragen. Dama suka nufa ko hagu? Sannan ka karanta shekarar.

Auta na Brescia: Dama suka nufa. Amma babu shekara a jiki, Malam.

Malam na Torino: Tana gefen kwabon, juya shi a tsaye za ka gani. Wanda mai bidiyon yake nufi na gwaji ne na 1957, tutocinsa hagu suka nufa, kamar suna gaba da iska, kuma an rubuta PROVA a jikinsa. Kaɗan aka buga, aka raba wa 'yan majalisa. Da aka yi ta surutu a kan tutocin sai aka juya su, daga 1958 aka shiga buga miliyoyi har zuwa 1967. Naka cikin miliyoyin nan suke. Kusan kowace tsohuwa a ƙasar nan tana da irinsu a aljihun tebur.

Auta na Brescia: To ai ko cikin miliyoyi ne, sun haura shekara hamsin. Kuma yanzun nan na ga wani ya sa irin nawa sak a eBay kan yuro dubu biyar.

Malam na Torino: Sa wa kaya suna daban, sallamawa daban. Ni ma ina iya sa wa tsohon takalmina miliyan. Ka duba waɗanda aka riga aka sayar, ka ga nawa aka biya. Batun tsufa kuwa, shi na fi ja da shi. Ƙananan kwabban tagulla na daular Rum, masu shekara 1,600 a duniya, da 'yan yuro kaɗan ake sayensu, don an haƙo su jibgi. Amma kwabon santi ɗaya na yuro na 2002 da aka yi kuskure aka buga masa hoton ginin Mole Antonelliana na nan garinmu, wanda na kwabon santi biyu ne, a maimakon ginin Castel del Monte, an sayar da guda yuro 6,600 a gwanjon kamfanin Bolaffi a 2013. Shekararsa goma sha ɗaya lokacin. Ina tsufan yake?

Hajiya ta Modena: Malam, kar ku kashe wa yaron nan gwiwa haka. Ni ina bayansa da rabi. Mahaifiyata a Damagaram tana da liyari na azurfa da ta gada, kuɗin takarda nawa suka zo suka mutu a gabanta, liyarin na nan da darajarsa. Wanda ya adana azurfa bai yi wauta ba.

Malam na Torino: Hajiya, Allah ya bar girma, ai shaida kika kawo min. Duba liyarin, 1780 za ki gani, don duk da shekarar nan ake sake buga su. Italiya kanta ta buga su a Roma daga 1935, lokacin da ta shiga yaƙin Habasha, saboda mutanen can sun fi yarda da shi. Ashe ba shekarar jikinsa ke riƙe da darajarsa ba, ƙarfen ne.

Maƙeri na Vicenza: To an zo fagena. Auta, kowane ɗaya giram 11 ne, azurfarsa kashi 835 cikin dubu, wato tsantsarta giram tara da ɗan ɗoriya. Ka duba farashin giram na ranar ka ninka, ƙasan farashinka ke nan, kuma mai saye zai ɗan rage ribarsa. Ba kuɗin fili ba ne, amma ba banza ba ne. Da a ce banki za ka kai su, lira 500 santi 26 ce kacal, tunda lira 1,936.27 aka yanka wa yuro ɗaya, kuma ƙofar canjin ma an rufe ta tun Disambar 2011. A nan Hajiya ta yi gaskiya.

Hajiya ta Modena: Ka ji ko, Malam?

Malam na Torino: Na ji, na kuma yarda da wannan ɓangaren. Sai dai akwai abin da ke ɗaga kwabo sama da nauyinsa ko da na miliyoyi ne, shi ne lafiyar jikinsa. Masu tara tsofaffin kuɗi a nan matakai suke da su: BB wanda ya sha hannu amma komai na fita, SPL wanda da ƙyar ya zaga, sai FDC, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, kamar yau ya fito daga gidan bugu. Kwabo iri ɗaya, shekara ɗaya, tazarar BB da FDC sai ta ba ka tsoro. Auta, yaya jikin naka yake?

Auta na Brescia: Ƙal suke, Malam. Uku dai na dirje su jiya da lemon tsami da soson ƙarfe, har ɗaukar ido suke yi.

Maƙeri na Vicenza: Innalillahi.

Malam na Torino: Waɗannan ukun ka kai wa Maƙeri ya ɗora a sikeli, sun tashi daga hannun masu tarawa. Duhun nan da ka kankare shi ake so a gani, kuma madubin dillali zai nuna kowane zane da soson ya bari. Sauran huɗun kar ka ƙara taɓa fuskarsu, ta gefe ake riƙewa.

Auta na Brescia: Ban sani ba wallahi. Amma har yanzu ban sauka daga maganata ba, in na ajiye su shekara ashirin ai wani abu zai ƙaru.

Malam na Torino: Zai ƙaru in azurfa ta tashi, in ta faɗi su faɗi tare. Ni da zan ba ka shawara, ka bar kallon masu ƙyalli ka zube na ƙasan gwangwanin, waɗanda ka raina. Lira 50 mai maƙeri tsirara yana dukan ƙarfe, ka nemi ta 1958, guda 825,000 kawai aka buga. Lira 5 mai kifin dolfin, ta 1956, guda 400,000. Su ba azurfa ko ɗigo a jikinsu, amma ko sun sha hannu ana nemansu. Jabunsu ma suna yawo, masu wayo kan gyara lambar ƙarshe.

Maƙeri na Vicenza: Ka ga ɗan'uwana maƙeri ya fi jiragen naka daraja.

Auta na Brescia: Na zube su a tabarma. Masu maƙerin sun kai talatin, yawanci na 1970 da wani abu. Akwai ɗaya da 195 ke fita, amma lambar ƙarshe datti ya cike ta, ko 6 ce ko 8. Ga hoto nan.

Malam na Torino: Hoton bai nuna ba. Nannaɗe shi a takarda, ran Asabar ka kai shagon masu tsofaffin kuɗi su sa masa madubi. Ka tambayi shago biyu kafin ka ce ka sallama.

Hajiya ta Modena: Wani na kusa da shi ya je ya ƙwace lemon tsamin nan kafin Asabar.