Tsohon gidan haya a Birni: in saya ko in haƙura?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Dillali ya kai ni wani gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba nisa da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne da shafen siminti, ɗaki shida da zaure, huɗu akwai 'yan haya, kowa na biyan jika bakwai na sefa a wata. Magada ne ke sayarwa, kuma kuɗin ya yi sauƙin da har ya ba ni tsoro. Ɗan abin da na tara a Kasuwar Dole ke nan. Me kuka gani?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shafen simintin nan shi ne abin tsoron. Siminti ba ya kama ƙasa. Da ya tsage ruwa zai riƙa shiga ta baya, bango na ruɓewa a ɓoye, kai kana ganin fenti fes. Ka ƙwanƙwasa gindin bango da hannu. In ya amsa kamar ganga, ciki ya rabu. Ka hau rufin ka duba indararo, ka soki azara da wuƙa ko gara ta gama da ita. A Satumbar 2024 tsohon masallacin Birni ya faɗi a ruwan sama, shi da ake kula da shi, balle gidan da magada suka daina yi wa yaɓe tun rasuwar mai shi. Sannan ka tambayi shadda. In ta cika, haƙa sabuwa a dutsen Birni kuɗi ne na daban.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ni mutanen ciki za ka duba, ƙanena. Wanda ya shekara ashirin a ɗaki, ya aurar da 'ya'ya a nan, ba ka iya ƙara masa dala. Ka ce ya tashi za ka yi gyara, gobe liman da mai unguwa suna zaurenka. Kuma in kan kuran, wato lantarki, da na pampo guda ne, faɗan wata-wata kai za a kawo wa. Ka nemi takardun biya na baya, kada ka gaji bashi.

Abban Zainabu:
Alhaji, magada nawa ne? Ba waɗanda dillali ya nuna maka ba, duka. Wata na aure a Kano, wani ya tafi Libiya shiru, sai ka gama gyara ya dawo ya ce da gadonsa. Takardar rabon gado daga alƙali, kowa ya sa hannu, a biya gaban noter, ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki.

Ɗan Zango:
Na gode, Allah ya saka. Na kira dillalin yanzu: wai su tara ne, biyu ba sa gari, takardar gidan kuma da sunan kakansu take. Baba magini, ko za ka samu zuwa ranar Asabar mu ƙwanƙwasa bangon tare?