Muhawara: Shin biyan diyya ya wadatar idan an karɓi gonaki don gina matatar dagwalon masana'antu?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ga matsayina, mai ja ya ja. Duk inda gwamnati ta karɓi gona don gina matatar ruwan dagwalon masana'antu, ta kuma biya diyya yadda doka ta tanada, mutanen wurin riba suka ci. Ku dubi Kano. Dagwalon unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Chalawa a kogin Chalawa yake ƙarewa, na Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara har dam ɗin Wasai. Kamfanin jima kan ci kubik mita 30 zuwa 50 na ruwa kafin ya gama da tan ɗaya na ɗanyen ƙirgi, kowane kubik mita kuwa lita 1,000 ne. Ruwan nan da gishiri yake fita, da farar ƙasa, da salfaid (sinadarin cire gashin fata), da kitse da gashi, da kurom (sinadarin da ake jeme fata da shi), domin fata ba ta shanye kurom duka, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ruwa yake bi. Su wa wannan ke cutarwa? Mutanen bakin kogi, daga Fanshekara zuwa Tamburawa. In gidaje talatin sun ba da gona don dubban mutane su sami ruwa mai kyau, kuma an biya su, ina abin kuka?

Barista: Wa alaikumus salam, Injiniya. Duk maganarka ta rataya ne a kan "yadda doka ta tanada", to bari mu buɗe dokar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mutum don amfanin jama'a. Sashe na 29 shi ne na diyya, kuma ba kuɗin ƙasa yake biya ba. Abin da ke kan ƙasar ake biya: gini, a ƙiyasta kuɗin sake gina shi sannan a zabge tsufansa, amfanin gona, a kan farashin da jami'in gwamnati ya yanka. Ita ƙasar kanta, kuɗin hayar da mai ita ya biya gwamnati a shekarar da aka soke kawai ake mayar masa. Manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni bai taɓa biyan wannan haya ba, saboda haka ba abin da za a mayar masa. In aka zo ƙidaya a watan Fabrairu, gonar tudu ba komai sai kara, me za a rubuta masa? Ɗorawa biyu da kuka ɗaya. An bi doka tsaf, mutum kuma ya rasa abincin gidansa na har abada.

Akwai sashe na 6 da ya ce idan gonar noma ce ta haƙƙin gargajiya, ƙaramar hukuma ta ba shi wata a madadinta. A Kumbotso yau ina ƙaramar hukuma za ta samo gonar da ba ta da mai ita? Sashe na 47 kuma ya hana kotu duba yawan diyya, shi ya sa lauyoyi ke jingina da sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya wajabta biya cikin gaggawa ya kuma buɗe ƙofar kotu. Manomi mai eka ɗaya da wuya ya iya ɗaukar nauyin wannan shari'a.

Injiniya: Barista, wannan laifin doka ne, ba na matata ba. A gyara jadawalin diyya, magana ta ƙare. Filin ma ai ba shi da yawa.

Safiyo: Yawan fili ya danganta da irin matatar da kuka zana, Injiniya, kai ma ka sani. Mu ɗauki misalin mai tace kubik mita 10,000 a rana. In tafkuna za a haƙa, ruwa ya kwana 20 a zurfin mita ɗaya da rabi, fuskar ruwan kaɗai ta haura hekta 13, ba a sa ganuwar tafki da hanyar mota ba. In tankunan da ake hura wa iska da inji ne, hekta kaɗan sun isa, amma sai da lantarki dare da rana. Da yake wuta ba tabbas, masu zane sukan karkata ga tafkuna, ma'ana rashin wutarmu da gonar talaka ake biyansa.

Sannan ana mantawa da hanyar bututu. Zirin ƙasa mai faɗin mita 10 da tsawon kilomita 5 hekta 5 ke nan, kuma ba gonar mutum ɗaya yake ci ba. Yana ratsa gonaki da dama ta tsakiya, ya bar wa mutum ɓalli biyu, ɗaya ba ya ko isa shanun huɗa su juya a ciki. Zirin da aka ci ake biya, ɓallin da ya mutu ba a lissafa shi. Wani abin kuma: inda gwamnati ta yanka gonaki ta yi fulotai, akan ba mai gona wani kaso na fulotan, yana ganin darajarsu na hawa. A filin matata ba fulotin da za a raba. Maƙwabcin da ba a taɓa gonarsa ba ma darajar tasa faɗuwa take, don ba mai son gina gida kusa da tafkin dagwalo.

Alhaji (harkar jima): Jama'a, a riƙa tunawa da mu ma. Ƙaramin kamfani ba zai iya gina cikakkiyar matata shi kaɗai ba, ba fili, ba kuɗin dizal. Dokokin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, na 2009 kan masaƙu da kamfanonin fata sun ɗora mana tace ruwa, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce matata ɗaya ta haɗin gwiwa. In kowane fili aka nuna sai a ce akwai mai shi, to sai dai a rufe kamfanoni, ma'aikatan kuwa 'ya'yan ƙauyukan nan ne.

Hajiya (malamar gona): Alhaji, ba wanda ya ce kar a gina. Abin da nake so Injiniya ya duba shi ne su wa ke cikin gidaje talatin ɗin nan nasa. Gona ɗaya a ƙasar Hausa ba ta ciyar da mutum ɗaya. Akwai mai ita. Akwai wanda ya karɓe ta aro ko haya. Akwai mai jingina, wanda ya ba da kuɗinsa yana noma har ranar da za a fanshe ta. In diyya ta shiga hannun mai gona, shi wa zai bi? Akwai 'yan ƙwadago masu sharar gona da noma da girbi. Akwai matan da ke tsintar ɗorawa su yi daddawa, da masu ɗiban ganyen kuka, waɗanda bishiyar ba tasu ba ce amma da ita suke cefane. Akwai makiyayin da burtalinsa ya bi ta wurin zuwa mashaya. A takardar ƙidaya suna ɗaya ake rubutawa.

Mafi ciwo ita ce gonar gado da ba a raba ba. Babban wa ne ke tsaye a kanta ranar da masu ƙidaya suka zo, shi dagaci ya sani, sunansa ke shiga. Ƙannensa mata suna gidajen aurensu a wasu garuruwa, matar mamaci tana da tumuninta, ba wanda ya kira su. Kuɗi ya fito, zumuncin shekara arba'in ya ƙare a gaban alƙali. Maganin wannan ba wuya gare shi ba: a raba gadon a takarda kafin biya, kowane magaji a tura masa kasonsa a asusunsa, a kafe jerin sunaye a ƙofar gidan dagaci da masallaci da asibitin unguwa, a karanta shi da Hausa a gaban jama'a, a ba da lokacin ƙorafi. Sashe na 29 ya yarda a biya diyyar ƙasar al'umma ta hannun shugabansu, kuma nan ne kuɗi ya fi ɓata a hanya.

Malam Duba-gari: Hajiya ta yi maganar waɗanda suka tashi, ni zan yi ta waɗanda suka zauna. Matata ba ta ɓatar da guba, tattara ta take wuri ɗaya. Kowane tan na ɗanyen ƙirgi yana barin busasshiyar laka kimanin kilo 100 zuwa 150. A misalin Safiyo na kubik mita 10,000 a rana, in kowane tan ya ci kubik mita 50, ƙirgi tan 200 ke nan, zai ba da laka tan 20 zuwa 30, in kuma da danshinta aka kwashe ta, nauyin ya ninka sau uku ko huɗu. Kullum ke nan. Ina za a zuba? Sai an sake karɓar wani fili, an shimfiɗa masa yumɓu da leda mai kauri, an haƙa rijiyoyin gwaji a kewaye don a gane in ya fara tsiyaya cikin ruwan ƙasa. In ba a yi ba, za ka ga tulin laka mai launin toka da shuɗi-shuɗi a bayan katanga, awaki na hawa, ruwan damina na wanke ta zuwa fadama. In aka cinna mata wuta, kurom ɗin na iya rikiɗa zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji.

Ga kuma iska. Ruwan salfaid in ya haɗu da ruwa mai asid, irin na wurin jima da kurom, yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa hanci ya daina jin ta, mutum ya faɗi a cikin kwata. A Ranipet ta jihar Tamil Nadu a Indiya, a watan Janairun 2015, bangon tankin laka na matatar haɗin gwiwa ya fashe cikin dare, lakar ta binne ma'aikata 10 da ke barci a kamfanin da ke maƙwabtaka. Mutumin da gidansa ke mita ɗari daga katanga ba a karɓi komai nasa ba, saboda haka ko sisi ba zai gani ba, alhali shi zai shaƙi warin, shi zai sha rijiyar.

Injiniya: Malam, duk abin da ka lissafa aikin injiniya ne, kuma yana da magani. A raba magudana uku tun daga cikin kamfani: ta salfaid, ta kurom, ta sauran ruwa. Ruwan kurom a zuba masa maganiziyam oksaid, kurom ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da abin da ya kwanta da asid a sake jima da shi. Kamfani ya rage sayen sinadari, laka ta rage guba. Ruwan salfaid a hura masa iska kafin ya haɗu da saura. A sa raga mai tare gashi da tsokar fata, a sa tankin da zai riƙe ruwan yini guda ya gauraya shi. In aka yi haka matata ba ta zama annoba ga kowa. Har yanzu ina nan a kan cewa 'yan lambun Jakara da ke ban ruwan latas da kabeji da dagwalo sun fi kowa buƙatarta.

Hajiya (malamar gona): Sun fi kowa buƙata, amma ka san me zai faru da su? Dagwalon nan shi ne ruwan da ba ya yankewa da rani. Ranar da aka sa shi a bututu aka kai wani wuri, lambunsu ya bushe, kuma ba sa cikin jerin diyya tunda ba a taɓa ƙasarsu ba. Ko an dawo musu da tataccen ruwan, tacewa irin ta yau da kullum ba ta cire gishiri, gishiri kuwa shi ke kashe ƙasa a hankali. Dole tsarin ya ƙunshi rijiyoyin burtsatse ko tiyubwel da injin ban ruwa a gare su, kafin a toshe rafin.

Barista: Injiniya, kalmar "in aka yi haka" ce ba ta da mai tsaya mata. Ka dubi Bangaladash. Tun 2003 aka fara aikin kwashe majemun Hazaribagh da ke Dhaka zuwa Savar, a fili mai kimanin eka 200. A 2017 aka yanke musu wuta da ruwa da gas bisa umarnin kotu, suka koma alhali matatar ba ta kammala ba. Ƙarfinta kubik mita 25,000 ne a rana, bayan Babbar Sallah kuwa, da fatun layya suka shigo, ruwan kan fi ƙarfinta. Ba a kuma tanadi wurin laka na kirki ba. Kogin Buriganga aka so ceto, sai na Dhaleshwari ya karɓi dagwalon. Mu ma nan bayan layya fata ke yin yawa, sai a auna matata da wannan lokacin.

Shi ya sa nake cewa karɓar ƙasa ta zo a ƙarshe. A fara da rahoton tasirin muhalli da dokar 1992 ta wajabta, a baje shi jama'a su gani. A tabbatar da kuɗin gudanarwa da wanda zai biya, gwargwadon ruwan da kowane kamfani ya zubo. A tabbatar kamfanoni sun raba magudanansu. Sannan a bi ma'aunin Bankin Duniya ko da kuɗin ba nasa ba ne: cikakken kuɗin maye gurbi ba tare da zabge tsufa ba, gona a madadin gona ga wanda noma ne abincinsa, a sanar da ranar rufe ƙidaya, a lissafa mai haya da mai aro, kuma kar katafila ta shiga sai kuɗi ya shiga hannu.

Alhaji (harkar jima): Na yarda da biya kafin shiga. Gona a madadin gona ce nake ganin ba za ta yiwu a kusa da birni ba.

Safiyo: To a rage gonar da za a ci tun farko, Alhaji. A Sharaɗa da Bompai da Chalawa akwai kamfanonin da suka daɗe a rufe, filayensu na nan da katanga, kusa da inda dagwalon ke fitowa, bututu ma zai gajarta. Sashe na 28 da ake soke gonar manomi da shi yana aiki a kan mai takardar mallaka ma. Kafin a kafa turaku a gonar kowa, a fara auna waɗannan filaye a ga hekta nawa za su bayar, a rubuta a cikin rahoton dalilin da ya sa aka bar su in an bar su.

Injiniya: Tankuna da injina za su shiga irin waɗannan filaye, wannan ba na ja. Wurin zubar da laka ne ba zai yiwu a tsakiyar gari ba, dole a fita da shi waje, kuma can ma gonar wani ce.

Malam Duba-gari: In haka ne, filin lakar shi za a fara nema kafin na matatar, a auna zurfin ruwan ƙasa a wurin da damina, a ƙirga rijiyoyi da gidajen da ke kewaye da shi, a sa masu su cikin jerin waɗanda aikin ya shafa tun ranar farko.