Batirin laftof ya rage riƙe caji: tsufa ne ko lalacewa?

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da Turawa ke kira “battery wear”, wato yadda batirin laftof ke rage yawan cajin da yake ɗauka yau da gobe, ba tare da ya faɗi ƙasa ko ruwa ya taɓa shi ba. A shagunan gyaran kwamfuta na Katsina za ka ji “ya yi sanyi”, “ba ya riƙo”, “ya mutu”. Kowa na gane abin da ake nufi, amma babu suna guda da za a rubuta a takardar ciniki ko a koyar da shi a aji. A neman sunan Hausa da za a raɗa masa, an kawo shawarwari kamar “lalacewar batir” da “gajiyar batir” da “zaizayewa”. Ni ina ganin mu tsaya a kan “tsufan batir”.

2/ Kafin a raɗa suna, a san abin da ke faruwa a ciki. Kusan duk laftof ɗin yau batirin lithiyam ne da ita, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Mutum uku da suka yi aikin samar da shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. A cikinsa ƙwayoyin lithiyam ne ke kai da kawo tsakanin ɓangarori biyu. In an sa caji sai su koma ɓangaren girafait, irin baƙin nan na cikin fensir. In ana aiki sai su dawo. A kan girafait ɗin wani siririn ɓawo yana taruwa a hankali, yana kama wasu ƙwayoyin, ba sa sake fita. Duk ƙwayar da ta maƙale, cajin da za ta ɗauko ya tafi ke nan. Kuma ɓawon ba ya jiran sai an kunna kwamfuta. Ko a kwali aka ajiye batir, yana raguwa.

3/ Wani Malaminmu daga Daura ya kawo “lalacewar batir”. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, a nan ne ban bi shi ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Bahaushe in ya ji “ya lalace”, abin da zai tambaya shi ne wa ya lalata. Daga nan rigima ta tashi. Ɗalibi ya sayi laftof ta hannu da kuɗin da iyayensa suka sha wuya kafin su haɗa, ya ga awa biyu take yi maimakon biyar, sai ya koma wa mai shago da cewa an cuce shi. Ko a kai kwamfuta gyaran allo, a dawo ana zargin mai gyara ya musanya batir. Wani lokacin akwai cutar da gaske. Amma sau da yawa babu mai laifi, shekaru ne kawai suka yi aikinsu. Kalmar da za ta sa Musulmi ya zargi ɗan'uwansa a kan abin da babu hannun kowa ba ta dace da wannan wurin ba.

4/ “Gajiyar batir” ta fi daɗin faɗa, sai dai mai gajiya in ya huta yana wartsakewa. Batir ba ya dawowa.

5/ “Zaizayewa” ta kusa da kalmar Turancin, amma ita sai an goga ake samunta. Ba ta ɗauki batirin da ya ragu yana ajiye ba.

6/ “Tsufa” kuwa ta ɗauke duka. Yana zuwa a hankali, ba ya komawa baya, ba laifin kowa ba ne, kuma wahala tana gaggauta shi. Wahalar batir a wurinmu zafi ne. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da laftof ɗinsa tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salshiyos, ga shi a bazarar Katsina, watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura 40. Ka ɗora ta a kan katifa ko filo, ka toshe kafofin iska, ka ƙara mata. Wahala ta biyu ita ce zama a cike. Saboda wuta ba ta tsayawa, da an kawo kowa sai ya jona ya bari a kashi 100, kuma batirin lithiyam ya fi saurin tsufa in ya daɗe a cike cikin zafi. Shi ya sa kamfanonin laftof irin su Lenovo da Asus da Dell suka sa tsarin da ke tsayar da caji kafin ya cika, wasu a kashi 60, wasu a 80. Na san mai zaman jiran wuta ba zai so ya bar kashi 20 a banza ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma wanda ke da sola a gida ko ofis, ya kunna wannan tsarin.

7/ Saura sunan abin da ke raguwa, wanda Turawa ke kira “capacity”. An kawo “ci”, kamar yadda muke cewa buhu mai cin tiya arba'in. Hausa ce tsantsa, amma an riga mu: “cin batir” yanzu manhajar da ke zuƙe caji take nufi. Don haka na zaɓi “riƙo”, tunda masu gyara ma “ba ya riƙo” suke cewa. Sai mu sami riƙon asali, wanda aka ƙera batirin da shi, da riƙon yanzu, wanda yake ɗauka in ya cika yau.

Wannan bambancin ne ke warware ruɗanin da ya fi yawa. Mutum ya ga kashi 100 a allo, ya ce ai batirina cike yake, me ya sa yake saurin ƙarewa? Kamar rijiya ce da laka ta taru a gindinta: ruwa ya kawo har baki, amma zurfin ya ragu. Sai dai ita rijiya ana yasarta.

8/ Mai Windows zai iya gani da idonsa. Ya buɗe Command Prompt, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta powercfg /batteryreport, zai sami rahoto. Inda aka rubuta Design Capacity shi ne riƙon asali, Full Charge Capacity kuma riƙon yanzu. A ce na farko 50,000 mWh ne (ma'aunin riƙon batir ke nan), na biyu 40,000, to tsufansa kashi 20 ne cikin 100. Don Allah duk mai sayen laftof ta hannu ya duba wannan a gaban mai shago kafin a yi sallama, kuma a yi ciniki a kansa.

9/ “Zagayen caji” ba ta da gardama. Zagaye ɗaya shi ne amfani da abin da ya kai cikon batir guda, ko da ba a rana ɗaya ba: rabi yau, rabi gobe, zagaye ɗaya ke nan. Apple ya ce batirin laftof ɗinsa MacBook na zamani an tsara shi ya riƙe har kashi 80 na riƙon asali bayan zagaye 1,000.

10/ Abu ɗaya kada a sa shi cikin tsufa: kumburi. In ka ga wurin da ake jan yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, iskar gas ce ta taru a cikin batirin. A nan kalmar Malam ta “lalacewa” ta zauna daidai. A cire caja, kada a danna shi, kada a huda shi, a kai wa mai gyara ya cire.