Ta ɓoye sunanta, ko a ladabtar da mai zagin?

Sadik: Jama'a, kan abin da ya faru jiya a wannan zaure namu na masu rubuta manhaja. Hafsat ta yi tambaya kan Python, harshen rubuta manhaja, wani ya ce mata ta koma kicin, wasu biyu kuma suka bi ta ta bayan fage suna tambayar ko tana da aure. Ni a ganina mata su daina sa suna da hoto. A sa laƙabi, aiki ya yi magana.

Hafsat: Wato ni aka zaga, ni ce kuma zan canza suna. Madalla.

Sadik: Ba haka nake nufi ba, ƙanwata, hujja gare ni. A 2016 wasu masu bincike a Amurka sun duba gyare-gyare wajen miliyan uku da aka tura a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke haɗa hannu kan aiki. An fi karɓar na mata, kashi 78 da ɗoriya cikin ɗari, na maza 74 da ɗoriya. Amma wadda masu aikin ba su san ta ba, da zarar an gane mace ce daga suna ko hoto, sai karɓar ta yi ƙasa. To me ya fi sauƙi?

Anti Rabi: Sadik, hujjar nan taka kai ta kayar. Ta nuna aikin ba shi da laifi, idon mai dubawa ne ya karkace. Sannan ka manta shafin mutum na GitHub shi ne takardar neman aikinsa. Na yi shekara biyu da laƙabin namiji, ana ce min "oga" ana yabo. Ranar da na je ganawar neman aiki, sai da aka sa na buɗe asusun a gabansu kafin su yarda nawa ne. Yaran mata da ke tasowa kuma su leƙo, ba su ga mace ko ɗaya ba, su ce wurin ba nasu ba ne.

Nura: Ni dai a yi kunnen uwar shegu da su. In ba a tanka ba za su gaji.

Anti Rabi: Wasu kan gaji, wasu shirun ke ƙara musu ƙarfi. Kathy Sierra tana cikin fitattun masu koyar da Java, wani harshen rubuta manhaja. A 2007 barazanar kisa ta sa ta fasa gabatar da jawabi a wani taro a San Diyego, ta daina rubutu a shafinta, har adireshin gidanta aka watsa. Wannan da me za ta toshe kunne?

Malam Bashir: Ni ke kula da zauren, bari in faɗi tsorona. In muka fara kora, gobe kowane gyara mai zafi za a kira shi cin zarafi, ƙwararru su watse.

Hafsat: Malam, ka ce min aikina shirme ne, ka nuna min layin, zan gode. "Koma kicin" a wane layi yake?

Anti Rabi: Ko masu Linux, babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, da ake ganin ba mai taɓa su, a Satumban 2018 sun ɗauki ƙa'idar ɗa'a a rubuce. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya nemi afuwa kan kaushin harshensa, ya ja gefe kamar wata guda. An yi ta cewa aikin zai rushe. Ga shi nan cikin wayar Android ɗinka, Malam.

Sadik: Na yarda da ƙa'ida. Amma wadda ta zaɓi laƙabi don samun sauƙi, kada a ga laifinta.

Anti Rabi: Ba wanda ya ga laifinta. In ita ta zaɓa daban, in ku kuka ɗora mata daban. Abin da ya fi ci min rai ma, mu fiye da ɗari uku ne a nan, maza sun fi yawa, jiya ba namiji ɗaya da ya ce "kai, bari". Dariya ma aka turo.

Nura: Gaskiya ina cikin masu dariyar. Ki yi haƙuri, Hafsat.

Malam Bashir: To, na goge saƙon, na ja masa kunne, in ya sake zan fitar da shi. Masu bin ta bayan fage fa? Can ba hurumina ba ne.

Hafsat: A zaurenka suka samu lambata, Malam. Zan turo maka hoton saƙonnin. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min tambayata.